Yadda ake raya yammacin gida da ɗan abin da ke hannu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, fita shan iska ta zama abin lissafi a Kaduna. Magidancin da ke Rigasa ko Hayin Banki, in ya ce zai kwashi iyali ranar Asabar a je wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji, kafin ya biya kuɗin keke zuwa da dawowa, ya saya wa yara abin taɓawa, kuɗin cefane ya ji jiki. Dole aka koma zaman gida. To amma zaman gida iri-iri ne. Akwai gidan da kowa ke kwance a ɗaki da waya a hannu ana jiran a kawo wuta, akwai kuma wanda da rana ta yi sanyi yara da kansu ke jawo tabarma. Irin na biyun ba ya faruwa da kansa. Shirya shi ake yi, kuma shirin bai fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi ba.

Kada a ce na manta cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan da ba a ɗora tukunya ba yau, tatsuniya ba za ta kwantar da yara ba. Wannan bayani na gidan da ake ci ake sha daidai gwargwado ne, amma an wayi gari ba a ma san ɗanɗanon zama tare ba.

Fara da lokaci da wuri

Kafin a sayi komai, a tsayar da lokaci. Gidaje da yawa bayan sallar isha'i ya fi musu, domin yara sun dawo daga Islamiyya, an ci tuwo, an wanke kwanuka. Wasu kuma tsakanin la'asar da magariba ne, musamman a ƙarshen mako. Kada a ce kullum. Duk wanda ya fara da kullum, kafin mako ya zagayo ya gaji. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, amma su zama sanannu, har ƙaramin cikin gida ya san cewa daren Juma'a daren tabarma ne.

Sai wuri. A share tsakar gida, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a shimfiɗa tabarma. Shi ke nan. Wanda ke gidan haya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, inda tsakar gidan ta mutum goma ce, ƙofar ɗakinsa ko baranda ta wadatar. Ba sai an nemi izinin kowa ba, amma a sani cewa 'ya'yan maƙwabta za su zo, kuma ba a korarsu.

Abu mafi wuya a wannan mataki shi ne waya. A ajiye faifai a gefe, kowa ya ɗora tasa a kai, kuma maigida ne zai fara. In ya ce yara su ajiye alhali shi yana duba Facebook da gefen ido, an gama magana. Haka batun majalisa: ba wanda ya ce a daina, ai can ake jin labarin gari da na ɗaurin aure, amma majalisa ba za ta rushe don mutum ya yi fashin dare biyu ba.

Ruwan randa

A ganina, a duk abin da gida zai mallaka don jin daɗi, babu wanda ya kai randa araha da amfani. Firji sai da wuta, ƙanƙarar saye kuwa a watan Maris da Afrilu kullum sai an zaro kuɗi. Randa sau ɗaya ake sayenta.

Wajen saye a ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta yi ƙara tas, lafiyarta ƙalau; in ƙarar ta fito a dushe, akwai tsaga a ɓoye ko ba ta gasu sosai ba. Kada a ɗauki wadda aka shafe da fenti ko siminti don ado, domin sanyin randa daga jikinta yake fitowa. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan randar, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. In an toshe ƙofofin an kashe randar. Wannan ne ma ya sa ruwanta ya fi sanyi a bazara da hunturu, lokacin da iska ke bushe, ya kuma rage sanyi a tsakiyar damina da iska ke ɗauke da danshi.

Sabuwar randa a cika ta da ruwa ta kwana, a zubar, a sake, har sai warin ƙasa ya ragu ya bar ɗan ƙamshin nan da ake so. A girke ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan yashi mai ɗan danshi, ba a lungun ɗaki ba. A rufe bakinta da faifai ko murfi. Moɗa guda ɗaya, mai mariƙi, ita kaɗai ke shiga ciki, kuma ba a sha da ita, a kofi ake zubawa. A wanke randa duk kwana biyu ko uku da sabon soso, ba da sabulu ba, don yumɓu na shanye sabulu ya riƙa mayar da shi cikin ruwa. Wadda ta samu saiwar jema wurin masu kayan ƙamshi, ta wanke ta jefa ɗan ƙulli a ciki. Duk wanda ya taɓa shan ruwa a ɗakin kakarsa ya san wannan ƙamshin.

Randa dai sanyi take sawa, ba ta kashe ƙwayar cuta. Ruwan da ba a yarda da shi ba, na rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa, a tafasa shi ya huce kafin ya shiga.

Da wannan hikima ake yin firjin talaka, wato tukunya cikin tukunya, wadda wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki yadda bakinsu zai zo daidai, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sosai. Tumatir, tattasai, gauta da alayyahu su shiga ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Kayan miya sukan ƙara kwanaki ba su yi yaushi ba, gorar zoɓo ma in ta wuni a ciki tana fitowa da sanyi. Nama da kifi ba wurinsu ba ne.

Abin sha da abin taɓawa

Zama ba ya daɗewa in ba abin da baki ke taɓawa. Dokar a nan ɗaya ce: abin da ya yi yawa a kasuwa a wannan watan, shi ake ci. Daga Yuli zuwa Satumba ɗanyar masara da ɗanyar gyaɗa ne. A gasa masara a kan gawayi, a dafa gyaɗa da ɓawonta da ɗan gishiri. Da kaka ta yi zuwa hunturu ga dankali, ga rake, ga lemo. Bazara kuwa ta mangwaro ce, har sai yara sun ƙoshi sun fara jifa da shi. Wanda ya nace sai ya ci abu ba a lokacinsa ba, shi ke kuka da tsada. Watannin Janairu zuwa Maris, da tumatirin noman rani ya cika kasuwar Bakin Dogo, lokacin yanka shi ne a shanya a yi kauɗa. Ita kanta yankawar, in aka zauna aka yi ta tare, hira ce.

Zoɓo shi ne sarkin abin sha na gida. Ga yadda za a yi wanda zai ishi mutum shida zuwa takwas. A ɗebi busasshen zoɓo kamar kofi biyu, a ɗauraye shi da sauri da ruwan sanyi don yashi ya fita. In aka bar shi ya jiƙa, rabin launin ya bi ruwan wanki. A zuba a tukunya da ruwa lita 3, a daka citta a sa, a jefa kanumfari biyar ko shida. In an ci abarba, ɓawonta da aka wanke tas ya shiga, shi ke kawo ƙamshin da mutane ke sayen fulebo dominsa. Ya tafasa minti 15 zuwa 20, a sauke, a bar shi a rufe ya huce, a tace. Sukari sai bayan an tace, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Kada a zubar da ganyen, a sake tafasa shi da rabin ruwan farko a haɗa. Masu jefa kanwa don rage tsami su yi hankali, 'yar mitsitsiya ce, in ta yi yawa zoɓon ya yi baƙi ya mutu. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambaya a asibiti kafin su mai da shi abin shan kullum, domin zoɓo na saukar da jini.

Mu a Kaduna ba mu da uzurin yin zoɓo ko shayi ba citta. Mafi yawan cittar Najeriya daga kudancin jiharmu take fitowa, yankin Kachia da Jaba da Kagarko da Kafanchan. Cutar da ta faɗa wa gonakinta a daminar 2023 ta sa ta yi tsadar da ba a saba gani ba, don haka busasshiya ta fi auki: a saya a lokacin kaka, a daka, a zuba a kwalba mai murfi.

Da hunturu ya kama, zoɓo ya ba shayi wuri. A daka busasshiyar citta da kanumfari da masoro da ɗan kirfa wuri ɗaya a ajiye. Rabin ƙaramin cokali a buta ɗaya, da ganyen shayi da na'a-na'a, ya tafasa sosai. Ba lallai sai da madara ba. A ƙananan kofuna ake sha, don a daɗe ana zagayawa. Ranar da aka ga dama a dama kunun tsamiya ko na gyaɗa, wanda shi kam har abincin dare yakan tsaya.

Gyaɗar yashi kuwa yara ke fi so, saboda suna ganin yadda ake yi. A zuba wa gyaɗa ruwan zafi mai gishiri na 'yan mintuna, a tsame, a shanya ta bushe. A ɗora tsohuwar tukunya da yashi mai tsabta, in ya yi zafi a zuba gyaɗar, a yi ta juyawa ba tsayawa har ɓawon ya fara murjewa a yatsa, cikin ya yi ja-ja. A sauke kafin a ga ta gama, domin tana ci gaba da soyuwa bayan an sauke. A tankaɗe yashin da rariya, a ajiye shi don gaba.

Ɗan lambu a buhu

Wannan matakin ba dole ba ne, amma gidan da ke da yara 'yan firamare zai ga amfaninsa. Buhun shinkafa ko na siminti da ya ƙare, a wanke, a huda gindinsa wuri biyar ko shida. A haɗa ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, da ɗan yashi. Takin ya zama tsohon kashin awaki ko na shanu da ya bushe ya ruɓe. Ɗanye ƙona shuka yake yi. A naɗe bakin buhun, a ajiye inda rana ke samu rabin wuni.

Alayyahu ya fi saurin faranta rai: cikin mako ya tsiro, cikin wata an fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi kafin a watsa don kada ya taru wuri ɗaya. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana, a binne biyu-biyu, ta kai kusan wata biyu kafin ta fara 'ya'ya. Na'a-na'a reshe kawai ake roƙowa a maƙwabta a dasa. Zogale ma reshe ko iri, a rinƙa datse kansa don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk su tafi can, ban da mai sabulu. In ƙwari sun dame shi a barbaɗa toka da sassafe, ko a jiƙa ganyen darbejiya a yayyafa ruwan.

Kowane yaro a ba shi buhunsa. Ranar da aka yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko dambu da ganyen da aka tsinka a gida, a faɗa a bainar jama'a cewa daga buhun wane aka samu. Gidan da ke da awaki ko kaji kuwa, buhun ya hau kan bulo ko a kewaye shi, in ba haka ba su za su riga kowa ci.

Abin da ake yi a kan tabarmar

An samu wuri, ga abin sha, ga gyaɗa. Daren farko za a yi shiru ana kallon juna, kada wannan ya karya gwiwa. Kacici-kacici ya fi saurin buɗe baki. Uwa ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." In an kasa, sai an ba ta gari kafin ta faɗi cewa tsintsiya ce, kuma tana da ikon ƙin garin in bai yi mata ba. Nan ake dariya, domin yaron Kaduna zai ce, "Umma, na ba ki Kawo," ta ce ba ta so, sai an ba ta Zariya da ganuwarta. "Baba na ɗaka, gemu na waje" yakan ba yaran da suka tashi da risho da gas wahala, don ba su saba ganin hayaƙi na fita daga madafa ba.

Tatsuniya kuma in akwai kaka a gida ko a kusa, aikinta ne, a je a ɗauko ta da girmamawa. In babu, duk abin da aka tuna na Gizo da Ƙoƙi ya isa. Inda aka manta a ƙirƙira, ai haka na da ma suka yi. Abin da ba a bari shi ne buɗewa da rufewa: "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa "Ta zo mu ji ta," a ƙare da "Ƙurunƙus." Bayan 'yan makonni a juya, yaro ya yi manya su saurara. Za a ji abin da ke cikin kansa wanda tambayar "yaya makaranta" ba ta taɓa fito da shi ba.

Ga manyan yara da maigida, dara. Ba a sayen komai. A tona gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, ko a zana a kwali in tsakar gidan siminti ce. Kowa 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa, ɗaya guntayen kara ko marafan kwalba. Da farko ana jerawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin jeri ba a yarda mutum ya sa uku a layi ba. In an gama sai a fara turawa, gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya haɗa uku a layi ya ci, ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Huɗu a layi ba ci ba ne. Wasa ya ƙare in ɗaya ya kasa haɗa uku. Kusan duk wayon dara a wurin jeri yake, kuma kada uba ya riƙa barin ɗansa ya ci don tausayi, yara na ganewa. 'Yan mata ga carafke da duwatsu, ga kitso da lalle da ake yi wa juna ana hira.

Akwai daren da ba mai ƙarfin magana. A kunna rediyo mai batir a tsakiya. Garin da tashar da yanzu ake kira Rediyon Tarayya ke watsa shirye-shirye tun 1962 bai kamata a ce yaransa ba su san zaman sauraro tare ba. Bambancinsa da waya shi ne kowa abu ɗaya yake ji, don haka akwai abin yin gardama a kai bayan an kashe.

Kada aikin ya faɗa kan mutum ɗaya

Nan ne shirin yakan lalace. In uwargida ce za ta share, ta dafa zoɓo, ta soya gyaɗa, ta yi tatsuniya, sannan ta kwashe kofuna bayan kowa ya tafi barci, to an ƙara mata aiki ne aka sa masa suna hutu, kuma ba za ta daɗe tana yi ba. A raba tun ranar farko. Shara da tabarma na yara, cika randa na babban yaro, gawayi da shayi na maigida. Namijin da ke iya haɗa shayi a majalisa hannunsa ba ya mutuwa don ya shigo gida.

Kuɗin abin taɓawa kuma a ware shi daban da na cefane, ko da canjin da ya rage ne ake jefawa a asusu. Makon da asusun ya yi shiru, ruwan randa da kacici-kacici ba sa cin ko kwabo.

Sauran gyare-gyaren na yanayi ne. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, a zauna kusa da kaskon gawayi a waje ko a baranda, a barbaɗa ɗan turaren wuta in akwai. Amma kasko ba ya kwana a ɗaki. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe mutane cikin barci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Kafin a shiga a kashe shi da ruwa a bar shi waje, nesa da inda yaro zai taka. Da damina kuma, daga Mayu zuwa Oktoba, sauro ne abokin gaba. A kifar da duk gwangwani da tsohuwar tayar da ke tara ruwa, a duba kada ruwa ya kwanta ƙarƙashin buhunan shuka, a dawo da zaman zuwa bayan la'asar maimakon dare, yara su sa riga mai dogon hannu. In hadari ya haɗo daga gabas, a naɗe tabarma a koma falo, a fitar da bokitai su tari ruwan indararo don wanki da ban ruwan lambu, amma a bar na farko ya wanke kwanon rufi ya wuce kafin a tara.